Dalsimar Tsaunukan Afalashiya: Ta Kwali, Ta Kamfani, Ta Masassaƙi Ko Mai Wuya Irin Na Jita, Wacce Za Ka Saya?

Wanda ya ji amon dalsima ya shiga ransa, da ya leƙa kasuwa sai kansa ya ɗaure. Ga wata ana sayar da ita ƙasa da dala 100, ga wata da ta haura dala 1,000, kuma a hoto duk kusan kamarsu ɗaya: dogon akwatin katako siriri, tsirkiya uku ko huɗu a miƙe a kai. Na taɓa tsayawa a wannan mararrabar, na kuma yi zaɓen tumun dare a karon farko.

Dalsima abin kiɗa ne na mutanen tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka, musamman jihohin Kentaki da Bajiniya da Karolina ta Arewa. Ta samo asali daga wani abin kiɗa da Jamusawa 'yan ci-rani suka zo da shi Fensilbaniya, sannan ta ɗauki kamanninta na yanzu a ƙarni na 19. A kan cinya ake kwantar da ita. Hannun dama yana kaɗa tsirkiyoyin duka a tare, na hagu yana danna su a kan wani allo da aka gitta wa ƙananan ƙarafa, waɗanda zan riƙa kira matakai. Tsirkiyar da ke kusa da kai ita ke ɗauke da waƙa, sauran kuwa amo ɗaya suke riƙewa a ƙasa ba sa canzawa. Kunnen da ya saba da garaya ko gurmi ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Mawaƙiya Jean Ritchie ce, 'yar ƙauyen Viper a Kentaki, ta kai ta birnin New York a ƙarshen shekarun 1940 har duniya ta san ta, kuma a 2001 jihar Kentaki ta ayyana ta a matsayin abin kiɗanta na hukuma.

Abubuwan da za ka auna kafin ka ciro kuɗi

Na farko, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne ko an kafa matakan a daidai inda ya kamata. Idan aka kuskure ko da kaɗan, babu irin saitin da zai gyara. Za ka saita tsirkiya ta yi daidai, da ka danna mataki na huɗu sai ka ji wani abu yana sukar kunnenka. Sabon ɗan koyo ba ya zargin kayan, kansa yake zargi, daga nan sai dalsima ta koma saman sif. Gwajin mai sauƙi ne. Mataki na bakwai yana tsakiyar tsirkiya cif, don haka sautinsa dole ya zama sautin buɗaɗɗiyar tsirkiya amma a sama. Ka sauke manhajar saita sauti a wayarka, ka kaɗa a buɗe, ka danna na bakwai, ka duba. In harafi ɗaya ya fito kuma allurar ta tsaya a tsakiya, alama ce mai kyau.

Na biyu, tsayin tsirkiya daga allo. Makaɗan Amurka suna gwadawa da tsabar kuɗinsu: kwabon senti 10 a gefen mataki na farko, na senti 5 a kan mataki na bakwai, tsirkiya ta ɗan shafe su kawai. Wato kamar milimita ɗaya da ɗan ɗigo a farko, kusan milimita biyu a tsakiya. In ta fi haka tashi, yatsu za su yi tsami kuma sauti zai karkace saboda kana jan tsirkiyar ƙasa da ƙarfi. In ta yi ƙasa da yawa, sai ta riƙa zuza. Wannan kam yana gyaruwa, ana iya rage jaki, wato ɗan abin da ke tallafe tsirkiyoyi a ƙarshen allo, ko a ƙara masa tsayi.

Na uku shi ne salon da kake so ka kaɗa, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure domin ba su ma san salo biyu ne ba. A tsohon salo, ɗan sanda ake riƙewa a hannun hagu ana zamar da shi a kan tsirkiyar waƙa kaɗai, hannun dama kuma yana kaɗawa da gashin dinya ko na talotalo. Sautin yana fitowa da wani irin shuuu na zamewar sanda, ga amo a ƙasa kamar kudan zuma. Masu wannan salon sun fi son saitin D-A-A (kowane harafi sunan sautin da ake saita tsirkiya ɗaya ne), inda do-re-mi ke farawa daga mataki na uku. A sabon salo, yatsu uku ake sawa a danna tsirkiyoyin duka don haɗa sauti irin na jita, kuma saitinsu D-A-D ne. Shi wannan saitin yana bukatar wani ƙarin mataki tsakanin na shida da na bakwai, wanda ake kira shida da rabi. Ya yaɗu ne daga shekarun 1970. Kusan duk littattafan koyo da darussan bidiyo na yau a kan D-A-D suke, sun kuma ɗauka kana da shida da rabi. In ka sayi wadda ba ta da shi alhali da bidiyo za ka koya, ka ɗauko wa kanka wahala.

Na huɗu, tsawon tsirkiya daga farkon allo zuwa jaki. Yawanci tsakanin inci 25 ne da 29. Mai ƙananan hannuwa da ke son haɗa sauti da yatsu ya nemi inci 25 ko 26. Mai ɗan sanda bai damu ba, doguwar ma ta fi masa amo.

Sai kunnuwan saiti, waɗanda ake murɗawa a ja tsirkiya ko a sassauta ta. Na katako sun fi kyan gani da tsohon yayi, amma suna zamewa idan iska ta bushe, suna kuma cijewa idan aka sami laima. Na ƙarfe masu haƙora irin na jita ba ruwansu da yanayi.

Irin katako da siffa, abin da masu talla suka fi zuzutawa, ni a ƙarshe nake sa su. Walnot ya fi taushin murya, ceri ya ɗan fi kaifi, fuskar sifrus tana ƙara ƙarfin sauti. Amma zurfin akwatin da hannun wanda ya sassaƙa sun fi sunan itacen tasiri. Siffar mai ƙugu biyu da ta ɗigon hawaye kuwa yawanci sha'awar ido ce.

Ta kwali

Kada sunan ya sa ka raina ta. Akwatin ne kawai na kwali mai kauri, allon matakai na katako ne na gaske, kuma sanannun masu yin ta, irin su Backyard Music da Folkcraft, suna yanka matakan daidai. Tunda a dalsima allon ne ke ɗauke da duk nauyin jan tsirkiya, akwatin aikinsa fitar da amo kawai, kwali yana iya wannan aikin fiye da yadda za ka zata. Da ita ake koya wa yara a makarantu da dama a Amurka. Kuɗinta yana wajen dala 100 ko ƙasa, kuma akwai wadda ake turo ta a warware ka naɗe kwalin ka manne da kanka cikin yini guda.

Muryarta ba ta da zurfi, ba ta kuma daɗewa tana amsawa bayan ka kaɗa. Ruwa abokin gabarta ne, haka nan wanda zai zauna a kanta bisa kuskure. In aka kula da ita tana shekaru. Haɗarin asara a nan shi ne mafi ƙanƙanta: in bayan wata uku ka ga ba hanyarka ba ce, ba ka yi wani rashi ba, in kuwa ka kamu, ka riga ka san irin wadda za ka nema a gaba da idonka a buɗe.

Ta kamfani mai araha

Waɗannan su ne ake ƙerawa da yawa a masana'antu a wajen Amurka, suna cika shagunan intanet, daga wajen dala 100 zuwa 250. Suna ƙyalli, suna zuwa da jaka, wasu har da zanen zuciya a fuska. Irinta na fara saya. Tsirkiyoyin sun tashi sama har sai da gefen yatsana ya yi kanta, kuma daga mataki na biyar zuwa sama komai ya karkace. Watanni na yi ina ganin laifin kunnena ne, sai ranar da na ɗora ta wani a cinyata na kaɗa waƙar da nake ta fama da ita, ta fito tsaf.

Ba duka ne haka ba. Akwai masu kyau a cikinsu, matsalar ita ce ba ka san wacce za ta faɗo hannunka ba, biyu daga kwali ɗaya ma sukan bambanta. Cinikin biri a sama ke nan. In za ka iya taɓa ta kafin ka biya, ka yi gwaje-gwajen nan biyu, ko kuma mai shagon ya yarda a mayar masa, to ana iya dacewa. In kuwa daga nesa za a turo maka zuwa Kano ko Maraɗi, inda kuɗin mayarwa zai fi kuɗin kayan, ban ba ka shawara ba.

Abu ɗaya da ya kamata a yaba mata: yawancinsu da katakon da aka manne falle-falle ake yin su, kuma irin wannan katakon ya fi tsantsar katako jure sauyin yanayi. Ba ya saurin tsagewa. Sai dai ranar da ka tashi sayarwa, da kyar ka mayar da rabin kuɗinka.

Ta shagon masassaƙa

A nan ne kuɗi ke sayen kwanciyar hankali. Sunaye biyu ne suka fi fitowa. McSpadden suna garin Mountain View a jihar Arkansas, Lynn McSpadden ne ya fara a 1962. Folkcraft kuwa sun fara a 1968, yanzu suna Woodburn a jihar Indiyana. Irin nasu na yau da kullum sukan kama daga wajen dala 400 zuwa 900, gwargwadon katako da ƙarin da ka nema. Masu sassaƙa ɗaya-ɗaya bisa oda, irin su Blue Lion a Kaliforniya, nasu yakan wuce dala 1,000, kuma sai ka jira layi.

Abin da kake biya ba ƙyalli ba ne. Matakai daidai, tsirkiya a kwance yadda yatsa zai danna ba da kokawa ba, katakon da aka busar da kyau kafin a yanka, da mutanen da za su amsa maka in wani abu ya taso. Kana kuma iya zaɓar tsawon tsirkiya, ka ce a sa maka shida da rabi, ko ɗaya da rabi, ko a dasa na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin jaki tun daga shago. Dalsima irin wannan tana wuce mai ita ta kai ga jikoki, kuma tana riƙe darajarta a kasuwar 'yan gwanjo.

Haɗarinta ɗaya ne babba, kuma ya shafi duk wanda zai kawo ta ƙasar Hausa. Tsantsar katako siriri yana numfashi da iska. Masu sassaƙa suna so laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 55 cikin 100, hunturunmu kuwa yana sauko da ita ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Katako sai ya tsuke, fuska ko baya ya tsage, bakunan matakai su fito suna kartar yatsa, kunnuwan katako su saki. Maganin ba tsada: a ajiye ta cikin akwatinta a rufe duk lokacin da ba a kaɗawa, a sa ɗan soso mai laima cikin robar sabulu da aka huhhuda, a riƙa jiƙa shi duk kwana biyu ko uku daga Nuwamba zuwa Maris. Kada soson ya taɓa katakon. Kada kuma a bar ta cikin mota a rana, zafi yana narkar da gam. Wanda ke zaune a Amurka ko Turai ma bai tsira ba, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska kamar haka a lokacin sanyi.

Tsohuwa, ta hannu

Dalsima ta yi tashe sosai a shekarun 1960 da 1970, lokacin da Brian Jones ya kaɗa ta a wata waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones a 1966, mawaƙiya Joni Mitchell kuma ta sa ta a waƙoƙi huɗu na faifanta na 1971. Mutane da yawa sun saya sun rataye a bango, don haka har yau ana samun masu kyau a rabin kuɗin sabuwa. Ka leƙa ta ramin fuska ka nemi takardar sunan wanda ya yi ta. Ka ɗora ido a kan allon daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ko ya lanƙwashe, domin lanƙwasasshen allo gyaransa ya fi sayen wata tsada. Ƙaramar tsaga a baya tana mannuwa.

Ka yi hattara da abu biyu. Da yawa daga na wancan zamanin 'yan koyo ne suka harhaɗa su a gida, matakansu sai a hankali. Sannan tsofaffin gaske ba don salon yau aka yi su ba. Ed Thomas na gundumar Knott a Kentaki, wanda ya rasu a 1933 bayan ya sassaƙa kusan 1,500, matakansa guntayen waya ne da ke ƙarƙashin tsirkiyar waƙa kaɗai, ba yadda za ka haɗa sauti da yatsu a kansu. Irin waɗannan, da na Homer Ledford wanda ya rasu a 2006, kayan tarihi ne masu daraja. A ganina bai dace a huda su don ƙara mataki ba. Mai son shida da rabi ya bar su ga masu ɗan sanda.

Mai wuya, wadda ake riƙewa kamar jita

Seagull Merlin da ake yi a Kanada da Strumstick na McNally su ne sanannu, kuɗinsu daga wajen dala 150 zuwa 250. Matakansu irin na dalsima ne, ba sa nauyi, suna shiga jakar tafiya, kuma wanda ya taɓa riƙe jita ko molo zai fara fitar da waƙa a ranar farko. Amma wani abin kiɗa ne daban. Hannunka yana zagayo wuya ta ƙasa, ba ka da damar sa babban yatsa daga sama kamar yadda ake yi a cinya, ɗan sanda kuma ba ya aiki. Merlin tana tsayawa a mataki na bakwai, tana da shida da rabi amma ba ta da shida, don haka akwai tsofaffin waƙoƙin tsauni da ba za su fito a kanta ba. In amon da ka ji ya ja ka na dalsimar cinya ne, wannan ba za ta kashe maka ƙishirwa ba.

| Iri | Kuɗi a dala | Ƙarko | Sauƙin koyo | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ta kwali | wajen 100 ko ƙasa | matsakaici, ba ta son ruwa | mai sauƙi | kaɗan ƙwarai |
| Ta kamfani | 100 zuwa 250 | tana jure yanayi | ya danganta da wadda ka samu | babba in ba ka gwada ba |
| Ta shagon masassaƙa | 400 zuwa 900, ta oda fiye da 1,000 | shekaru da dama | mafi sauƙi a yatsa | tsagewa a hunturu |
| Tsohuwa | sau da yawa rabin sabuwa | ya danganta da ajiya | sai an duba matakai | matsakaici |
| Mai wuya | 150 zuwa 250 | mai kyau | mai sauƙi ga mai jita | ba ita ce ta cinya ba |

A kan kowanne ka ƙara kuɗin aikowa. Dalsima ta kai kusan santimita 90, kwalinta dogo ne, kuma kamfanonin jigila girman kwali suke caji ba nauyi kaɗai ba. In akwai ɗan'uwa mai dawowa gida, ya riƙo maka ya fi. Tsirkiya kuwa ba abin damuwa ba ce, ta jita ko ta banjo tana yi: mai kaurin 0.012 na inci ga ta waƙa, 0.012 zuwa 0.014 ga ta tsakiya, naɗaɗɗiya mai 0.022 ko 0.024 ga babbar. Ka dai duba ko taka tsirkiya mai zobe a ƙarshe take karɓa ko mai ƙwallo.

In a gaban jama'a za ka kaɗa

Dalsima muryar cikin ɗaki gare ta. Cinyarka tana danne bayanta, don haka jita ɗaya da ganga ɗaya sun isa su haɗiye ta. Mutanen zamanin da sun san wannan: wasu a kan tebur suke ɗora ta, wasu su sa wani allo a ƙarƙashi ya raba ta da cinya, masu salon garin Galax a Bajiniya kuma baya biyu suke yi mata don na ciki ya sami damar amsawa, su saita tsirkiyoyi huɗun duka a sauti ɗaya don su iya shiga cikin masu goge da banjo. A yau na'urar ɗaukar sauti ce mafita, ko makirufo a saitin ramin fuska. Ka sa maɗauri ya zagaye ƙugunka don kada ta zame, ka nemi kujera marar hannu wadda cinyarka za ta kwanta daidai a kai.

Ɗaya matsalar ita ce canjin murya. Tunda matakanta ba su cika ba, in mawaƙi ya ce a ɗaga waƙa, sai ka sa matsi, wato ɗan abin da ke danne tsirkiyoyin duka a wuri ɗaya, a kan allo ko ka sake saiti. Shi ya sa za ka ga ƙwararru, irin masu shiga gasar ƙasa da ake yi a Winfield ta jihar Kansas duk watan Satumba, suna hawa dandamali da dalsima fiye da ɗaya. Akwai kuma mai cikakkun matakai kamar jita, tana shiga kowace waƙa, sai dai ta rasa sauƙin nan da ke sa ɗan sanda ya zame daga sauti zuwa sauti ba tare da tuntuɓe ba.

Wacce ta dace da wa

Wanda bai tabbatar da kansa ba, ko uban da ke saya wa yaro, ko malamin da ke son koya wa aji guda, ta kwali. Wanda ya riga ya san zai daɗe a kai kuma aljihu ya yarda, ya tsallake ta kamfani ya nufi shagon masassaƙa kai tsaye, da shida da rabi da kunnuwan ƙarfe, in hannunsa ƙarami ne ya ce a ba shi inci 26. Mai kuɗi tsaka-tsaki da ke zaune inda zai iya gani da idonsa, tsohuwa mai takardar sanannen masassaƙi ta fi sabuwar kamfani. Wanda zai ajiye ta inda hunturu ke tsananta kuma ya san ba zai iya hidimar soso ba, ya nemi mai katako falle-falle, amma a sa wani ya gwada masa mataki na bakwai kafin a ɗauko. Mai son tsohon salo na ɗan sanda da gashin dinya ya nemi doguwa siririya marar ƙarin matakai, ya saita ta D-A-A. Mai hawa dandamali ya sa a dasa masa na'urar ɗaukar sauti tun daga shago, in kuma da mawaƙa zai riƙa aiki ya tanadi matsi da dalsima ta biyu. Matafiyin da ke son abin kaɗawa a tsaye a bakin wuta, mai wuya ta ishe shi.